Ƙofar Tana Hagu

Ranar da likitan haƙori ya dawo da hedifon ɗinsa ina falo ina ninke wanki, ƙofar ɗakin aiki kuma a buɗe, saboda haka komai a kunnena aka yi shi. Ba laɓe na yi ba, gidan ne ba shi da girma.

"Mai Kunne, ka yi mini haƙuri," in ji likitan. "Ɓangaren hagun nan tsini gare shi. In na daɗe da shi a kai sai in ji kamar injina na hudar haƙori na juya wa kaina."

Mijina ya karɓa ya sa, ya lumshe ido yadda ya saba, ya ɗan karkata kai. Can ya cire ya ce, "Ni kam daidai na ji shi. Amma bar shi, zan duba."

Likitan mutum ne mai kunya. Da ya zo fita ya gaishe ni, ya tsaya kamar zai ce wani abu, sai kuma ya sa takalmansa ya tafi. Ba shi ne na farko da ya dawo da aiki a 'yan makonnin nan ba, kuma duk ƙorafinsu ɗaya ne, hagu.

Mai Kunne suke kiran mijina, kuma sana'arsa ce ta jawo masa sunan. Akwai wasu bayin Allah da sauti ya zame musu ciwo. Mutum zai sayi hedifon mai tsadar gaske, sabo fil, lafiyarsa lau, ya ɗauko ya kawo wa mijina a farke masa ciki. A canza waya, a canza soson da ke kwanciya a kan kunne, a ƙara auduga a bayan 'yar sifikar ko a rage, a toshe wani rami a buɗe wani, wai har sai kiɗa ya daina cinye muryar mawaƙi. Na sha cewa wannan neman magana ne kawai. To amma da neman maganar aka ciyar da mu aka kai yara makaranta, sai na iya bakina. Wani lokacin dai.

Teburinsa na ƙarƙashin taga, in ya zauna ƙofa tana hagunsa. Ga fitila mai lanƙwasasshen wuya, ga madubin ƙara girma, ga ƙarfen narka dalma a kan mariƙinsa, ga gwangwanayen madara cike da ƙananan sukurori waɗanda in ɗaya ya faɗi ƙasa sai duk gidan an durƙusa nema. Warin dalma ya kama labulen ɗakin har wanki ba ya fitar da shi. Yana da mita, na'urar awo, yana kuma aiki da ita, amma kullum cewa yake tsinkewar waya kaɗai mita ta sani, daɗin sauti sai kunne.

Yana da wata doka da kowa ya san shi da ita. Duk wanda ya bugo waya ya ce ɓangare ɗaya ya yi ƙasa, ba ya bari ya gama bayani.

"Juya shi tukuna," haka zai ce. "Sa na hagu a dama, na dama a hagu. In matsalar ta bi hedifon, kawo mini. In ta tsaya a kunnen, ba wurina za ka zo ba, asibiti za ka."

Sai ya yi dariya, mai bugowa ma ya yi. Na ji wannan magana har na haddace ta. In yana wanka wayar ta yi ƙara, ni nake faɗa musu, har da dariyar.

Shi ma yana da nasa hedifon, wanda ba na sayarwa ba ne, ba kuma ya ba kowa ya taɓa. Shekara da shekaru yana gyara shi, har babu abin da ya rage na asali sai ƙarfen da ke haye kai. Kofunan kunnen na katako ne, kafinta ya sa ya fafe masa. Wayar shi ya kitsa ta da hannunsa. Masu zuwa suna zaton tallan gwaninta yake yi. Ni na san abu ɗaya tak yake ji da shi.

Autarmu ta zo mana ne bayan yayyenta sun girma, lokacin da muka ɗauka mun gama. Ba ta daɗe da shiga makaranta ba zazzaɓi ya kama ta, kafin mu gama cewa gobe za ta warware Allah ya karɓi abarsa. Watanni kaɗan kafin rasuwarta ubanta ya sayo wasu makirfo guda biyu, ya kafa su a kan teburin, ɗaya na kallon hagu ɗaya dama, yana gwada yadda suke ɗaukar sautin ɗaki. Abin da suka ɗauka ba waƙa ba ce, ba komai ba ne. Ƙarar fanka ce, sai shi yana ƙyasta yatsa nan da can. Sai ƙofa ta yi ƙara, 'yan silifas suka ja ƙasa, ta yi raɗa, don ta san dokar ɗakin: "Baba, in shigo?" Shi kuma bakinsa dab da makirfo ya ce, "Jeki, ina aiki." Ta yi 'yar dariyarta ta ja ƙofa. Iyakar abin ke nan.

Muna da hotunanta, amma muryarta a nan kaɗai ta rage. Wayar da ke da bidiyonta ta faɗa bokitin wanki tun tana raye, ba wanda ya damu, wa ya sani?

Duk wannan ba ji na yi ba, shi ya faɗa mini, ranar da ya ci karo da abin yana share tsofaffin gwaje-gwaje. Na ce masa, "Malam, in kana son zaman lafiya da ni kada ka kuskura ka sa shi a sifika a gidan nan." Bai taɓa sawa ba. Shi ya sa ya koma wa hedifon. Duk wayar da ya canza, duk audugar da ya ƙara ko ya rage, so yake raɗar nan ta ƙara fitowa. Bayan la'asar in ya rufe aiki zai sa, ya ji sau ɗaya ko biyu, ya goge katakon da ƙyalle ya rataye. Ni kuma lokacin nake samun abin yi a kicin, ko babu.

Wata safiya muna karyawa ya ajiye kofin shayi ya ce, "Ta ɓace."

"Wa?"

"Auta. Ba na jin ta. Ɓangaren hagu ya samu matsala."

Na ce, "To ai gidan gyara take."

Ya fara da waya, don ita ce ta fi yawan laifi. Ya cire wadda ya kitsa, ya saka wata mai azurfa a ciki. Shiru. Ya narke dalmar kan fulogi ya sake liƙawa. Ya buɗe amfilifaya, akwatin da ke ba hedifon ƙarfi, ya fesa wa maɓallin ƙara sauti maganin tsatsa, ya karɓo ta wani abokinsa ya gwada da ita. Ya ce soson kunnen ya kwanta, iska na fita ta gefe, ya canza. Ya kwance kofin hagu, ya duƙufa da madubi da ɗan hantsaki yana neman silin gashi a kan sifikar, don wai sili ɗaya ya isa ya ɓata sauti. Ya samu silin kuwa, ya zo har kicin ya nuna mini yana murna kamar ya kama ɓarawo. Ya mayar ya ɗaure, ya sa a kai. Daga yadda kafaɗunsa suka sauka na san amsar.

Daga nan ya zargi abin da aka ɗauka ɗin kansa, ya ce ƙila ya lalace a kwamfuta. Ya sa babban ɗanmu ya turo masa wanda ya ba shi ajiya. Duk ɗaya. Ya yi odar sababbin sifiku daga waje, 'yan biyu da aka auna suka zo daidai da juna, ya yi ta zaryar gidan waya har suka iso. Mita ta ce hagu da dama babu bambanci. Ya ce mitar ce ta tsufa. Sai ya koma cire audugar kofin hagu kaɗan-kaɗan, don siririn sauti ya samu hanya, yau ya tsinke wannan gobe ya tsinke wancan, har kofin ya zama wayam. Har ɗan rami ya huda a katakon da a da ko ƙuda ba ya bari ya sauka a kai.

Ni kuwa tuni na sani. Wadda ta kwana ta tashi da mutum shekaru haka ba ta buƙatar mita. Butar shayi za ta yi ta fito a kan wuta yana zaune kusa bai motsa ba. Wayarsa da kullum take kunnen hagu ta koma dama. In muna tafiya a titi sai in ga ya zagayo ta bayana ya mayar da ni damarsa, shi kansa bai san ya yi ba. Da farko na ɗauka miskilancin tsufa ne, har na yi kwana biyu ina fushi da shi don na yi masa magana daga bakin ƙofa ya share ni. Ashe fushin ma ni kaɗai na san ana yin sa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne abin da ya faɗa wata rana, ba tare da na tambaye shi ba. Muryarsa shi mai kauri ce, kuma a tsakiya take, saboda haka ita tana nan daram. Ya ce, "Ina jin fanka. Ina jin yatsana. Sai shiru. Sai in ji kaina ina cewa jeki. Ni kaɗai, ina korar wanda babu."

Ranar ban iya cin abinci ba. Washegari, bayan likitan haƙorin nan ya tafi, na ajiye wankin na shiga, na zagaya ta damarsa na tsaya.

"Malam, ka juya shi mana."

Bai ɗago ba. "Me?"

"Ka ji ni sarai, ta nan kana ji. Sa na hagu a dama."

Ya ajiye sukudireba a hankali. "Yanzu ke za ki koya mini aikina?"

"Kai ka koya mini. Mutum nawa ka tura asibiti kana dariya? Kai wane ne da ba za a juya maka ba?"

Bakina ke nan, in ya buɗe ba ya tambayata izini. Ya dube ni, ban taɓa ganin tsoro a idon mutumin nan irin na ranar ba, ko ranar da muke asibiti da Auta. Ya ce, "Fita, don Allah." Na fita, ya rufe ƙofa. Kwanaki muka yi daga ina kwana sai ga abinci. Ina jin sa a ciki yana kwancewa yana ɗaurewa, kuma na san duk abin da yake yi guje wa abu ɗaya yake, abin da ba ya buƙatar ko sukudireba. Haushinsa nake ji, tausayinsa kuma ya fi haushin yawa.

Wata la'asar ina yankan albasa ya leƙo kicin.

"Maman yara, zo."

Na wanke hannu na bi shi. Ya ja mini kujerarsa, wadda tunda aka kawo ta ban taɓa zama a kai ba. Hedifon na kan tebur.

"So nake ki sa. Ki gaya mini ko tana nan."

"Ka san abin da kake roƙona kuwa?"

"Na sani. Ba ni da wani kunnen da na yarda da shi."

Na zauna, ƙafafuna sun riga sun yanke mini shawara. Kafin ya ɗora mini shi na yi tunanin ƙarya. In na ce ba ta nan, ya tsira da kunnensa, ya tsira da sunansa, gobe ya tashi da abin da zai kwance. In na ce tana nan, na karɓe masa duka da baki ɗaya. Har na shirya yadda zan girgiza kai in ce, gaskiyarka, abin nan ya lalace.

Ya gyara mini ɗankwali, ya ɗora, ya daidaita ƙarfen a kaina da yatsu biyu kamar yadda yake yi wa masu kawo aiki. Soson ya rufe mini kunnuwa, duniya ta yi tsit. Ya danna.

Fanka ce ta fara, tsohuwar fankarmu mai ciwon wuya, wadda muka daɗe da yarwa. Yatsa ya ƙyasta a dama, ya ƙyasta a gaba. Sai ƙofa. Ba cikin kaina na ji ta ba, a can na ji ta, a inda take. Silifas ɗin nan ja masu ɗan fure, waɗanda suka yi mata yawa. Kuma da yake ya kwashe audugar ɓangaren kaf, raɗar ba ta zo a raɗa ba, ta zo tar, kamar ta ɗora haɓa a kafaɗata, har da ɗan numfashin da take ja kafin ta yi magana saboda murar da ba ta rabuwa da ita.

"Baba, in shigo?"

Wuyana ne ya ba mijina amsa, don kafin in san abin da nake yi na juya ina kallon ƙofa. Ƙaryar da na shirya ko tunawa da ita ban yi ba. Na yi kukan da ban samu yi ba ranar da aka fita da ita, lokacin gida cike da mutane kowa na ce mini haƙuri. Ya bar ni na yi, yana tsaye hannunsa a bayan kujera.

Da na lafa ya cire mini hedifon. Ya riƙe shi ya daɗe yana kallo. Sannan ya juya shi, na hagu a dama, ya sa a kansa a tsaye, ya danna. Fanka na farawa ya yamutsa fuska.

"Subhanallahi. Haka na mayar wa mutane kayansu?"

Na ga lokacin da muryarta ta zo masa, don idonsa ya buɗe, ya juya dama, inda babu komai sai bango da kalandar da ta wuce shekararta. Ya cire ya ajiye.

"Tana nan," ya ce. "Amma ba ta nan take shigowa ba. Nan bango ne."

Babban ɗanmu ya kai mu asibiti. Suka sa shi a wani ɗan ɗaki, wata ma'aikaciya ta ɗora masa hedifon ta ce ya ɗaga hannu duk sanda ya ji ƙara. Ko a nan sai da halin ya motsa, ya ce mata, "'Yata, soson nan naku ya mutu, ku canza." Ta yi dariya, ni ma na yi. Ina kallonsa ta gilashi, da aka zo hagu hannunsa na kan cinya ita kuwa tana ta dannawa. Likitan ya yi mana bayani a hankali. Hagu ya rasa siririn sauti, kuma ba ya dawowa. Dama ma ya kama hanya, sannu a hankali, ba wanda zai ce ga yaushe. Akwai na'urar da ake maƙalawa a kunne, za ta taimaka wajen hira. Mijina ya tambaya ko za ta dawo da raɗa yadda take. Likitan ya ce ba zai yi masa alkawari ba.

Satin nan ya kira duk wanda ya taɓa wa hedifon a watannin baya, ɗaya bayan ɗaya, ya ce su dawo da su. Bai ɓoye musu ba. "Na juya," haka yake ce musu, "ta tsaya a kunnen." Ba wanda ya yi dariya. Ya mayar wa kowa audugarsa, yana aunawa da mitar da ya ce ta tsufa, in ya gama ya miƙo mini in sa in ce ko hagu da dama sun yi daidai. Ni da na raina sana'ar, ga ni da hedifon a kan ɗankwali ina lumshe ido. Likitan haƙori da ya zo karɓar nasa ya riƙe hannun mijina ya daɗe bai saki ba. Daga nan bai ƙara karɓar sabon aiki ba. Nasa ma ya mayar masa da auduga, ya toshe ramin da ya huda, tabon na nan a katakon.

Bayan mai hedifon na ƙarshe ya karɓi nasa, wata safiya na ji ana jan abu a ƙasa. Na shiga na same shi ya sauke gwangwanaye da fitila, yana kokawa da teburin shi kaɗai.

"Bayanka fa? Ina kuma za a kai shi?"

"Can." Ya nuna bangon da ke fuskantar taga.

"Ka ba taga baya? Wa yake aiki a inuwar kansa?"

"Wane aikin?" ya ce.

Na kama ɗaya gefen ina mita, muka ja. Sai da ya ajiye kujera ya zauna ya kalli bango na gane. Ƙofa ta koma damarsa.

Da la'asar na haɗa masa shayi na kawo. Ƙofar a ɗan buɗe take. Yana zaune ya ba taga baya, hedifon a juye a kansa, wayar ta zagayo ta ƙirjinsa don ba ta wannan gefen aka yi ta ba. Yatsansa na kan maɓallin tsayarwa. Na ga kansa ya juyo dama, wajen ƙofa, idonsa a rufe, ya danna kafin tsohuwar muryarsa ta fito. Wanda hedifon ke kansa ba ya sanin ƙarfin muryarsa, saboda haka abin da ya so ya faɗa a hankali har falo an ji shi.

"Shigo, Auta. Na gama aikin."

Na tsaya a bakin ƙofa da kofin a hannu, ban shiga ba, har shayin ya huce.